Tarwada Mai Ɗan Kunne

Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, ina zaune a gindin ɗorawar da ke bakin dam ina ɗinke inda kaguwa ta ɓarka mini raga, sai ga Nazifi mai cajin waya a tashar Ikara ya gangaro a kan babur da abokansa biyu a baya. Ɗaya daga cikinsu ya riƙo masa wata sandar fatsa ta zamani da ya saya a gwanjo, mai ƙyalli, da ɗan keke a gindinta da ake murzawa zare ya naɗe. Sun gaishe ni yadda ya kamata, har da durƙusawa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ko gama amsawa ban yi ba Nazifi ya ce, "Baba Sule, ai sana'ar nan taku hutu ce. Na gani a waya. Ka jefa, ka zauna, ka ja."

Na ce, "To, bisimilla. Jefa."

Jifan farko ƙugiya ta kama hular abokinsa. Na biyu ta kama reshen ɗorawa, sai da aka hau aka ciro. Da ƙyar ta samu ruwa, kuma tanar da suka haƙo a gwangwani ƙananan karfasa suka yi ta tsinke ta suna barin masa ƙugiya tsirara. Da tana ta ƙare, sai yaron nan ya buɗe ledar karin kumallonsa, ya ɓalli ƙosai ya soke a ƙugiya. Na yi dariya har allura ta faɗi daga hannuna. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi wa kifi tayin ƙosai ba.

Ban gama neman allurar ba na ji ihu. Sanda ta lanƙwashe, ɗan keken yana kuka, su uku sun taru a kan sanda ɗaya suna ja suna zamewa a laka. Abin da suka jawo tarwada ce baƙa wuluk, mai faɗin kai, ta fi tsawon hannun babban mutum. A jikin fiffikenta na kusa da kai kuma akwai ɗan kunne na tagulla, ya yi kore don daɗewa a ruwa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cika bahon da nake zuba kifi da ruwa, na zare mata ƙugiya da hannuna, na ce, "Sa ta nan. A hankali, kada ka buga mata kai!"

Nazifi ya sa, amma bai saki bakin bahon ba. Ya ce, "Baba, tawa ce fa. Tun da na sayi sandar nan amarya take mini dariya, wai ko kwaɗo ban taɓa kawowa ba. Yau farfesu za ta yi, kuma a gabana."

Gaskiyarsa ce. A ƙa'idar ruwan nan abin da ƙugiyarka ta kama naka ne, kuma ni da kaina nake koya wa mutane wannan ƙa'ida. Ba ni da ikon ƙwacewa, baki kawai gare ni. Sai na ce su zauna tukuna tarwada ta huta, ni ma in huta. Abin da na gaya musu shi ne nake gaya wa duk yaron da ya ga masunci a zaune ya ɗauka barci yake yi.

Ni ba ɗan masunta ba ne. Mu mutanen tudu ne, masara da dawa da rake muka gada. Sai dai ni in aka ba ni fartanya, dawar nake sarewa in bar ciyawar, har mahaifina ya gaji ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Audu. Shi Baba Audu Bakabe ne, ya zo ne lokacin da aka tare rafin nan aka yi dam don shanu su sha ruwa, lokacin nan duk daji ne, ba gidan kwano ko ɗaya. Shi ya kawo irin tarwadar nan daga ƙasarsu, a cikin randa, a bayan motar rake, ya zuba.

Aikina na farko hawa gora. Babbar ƙwarya ce rufaffiya mai baki a sama, kana kifa cikinka a kanta kana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ka kama ka jefa ta bakin. Daga gaɓa in ka ga mutum a kai sai ka ce kwanciya yake yi. Na hau, gora ta juya, na tsinci kaina a ƙasa ita a sama. Na sake hawa, ta sake juyawa. Baba Audu yana zaune yana cin goro, ko motsi bai yi ba. Da na fito karo na ban san nawa ba ina aman ruwa, sai ya ce, "Ɗan tudu, ka rage mana ruwan nan, akwai kifi a ciki." Sai da fatar cikina ta saɓule ta warke kafin gora ta yarda da ni.

Bayan gora sai ɗinki. Damina guda na yi ina ɗinke raga ban taɓa jefa ta ba. Ranar da ya ba ni birgi, wato ragar da ake wurgawa ta buɗe a sama dalma ta ja ta ƙasa, na tsaya na gyara tsayuwa yadda na ga yana yi, na murɗa jiki na wurga. Ban lura ragar ta maƙale a maɓallin rigata ba. Ta tafi, ni ma na bi ta. Baba Audu ya jawo igiya ya fito da ni a naɗe, ya ce tun da yake su bai taɓa kama abin da ba ya sayuwa irin wannan ba. Tun daga ranar ba na sa riga mai maɓalli a bakin ruwa, kuma duk masuncin da kuka gani da riga mai maɓalli, bai taɓa jefa birgi ba.

Shi ya koya mini juya tarwada in dubi cikinta in bambanta mace da namiji. Shi ya koya mini in na ji ciki ya cika da ƙwai in mayar. Kuma shi ya kafa dokar rufe ruwa: da zarar ruwan farko ya sauka dam ya shiga cikin ciyawa, ba mai jefa komai sai masara ta nuna, domin a cikin ciyawar nan tarwada ke zuba ƙwai. Ya rasu ya bar mini gora biyu, da birgi, da dokar.

Kifin dam ɗin nan ba shi da yawan iri. Karfasa ta fi yawa, amma haihuwa ta yi mata yawa har ba ta samun girma, ita ce mai satar tana. Akwai ƙurungu mai gurnani in an kama shi, wanda ƙayarsa in ta soke ka za ka tuna sunan kakanka. Sai tarwada, ita ce sana'ar. Ta gefen gabas, tun da gari ya iso aka buɗe wurin wankin mota, ba abin da za ka samu sai kumfa da leda. Mai son kamu ya zo da sassafe ta bakin ciyawar yamma, ya yi shiru, kada ya kunna waƙa a waya kamar wasu da na sani.

Masu sayen kifi kuwa aiki ne na daban. Matan da ke suya ba sa jira in taka gaɓa, ina kan gora suke shigowa ruwa har gwiwa suna leƙa bakinta, kowace tana rantsuwa tun jiya ta yi magana. Wata daga Makarfi takan danna cikin kowace tarwada da yatsa, ta ce ta rame, ta ce ta tsufa, ta ce ba ta so, sannan ta kwashe duka. Amma duk faɗansu sun yarda da abu ɗaya: tarwadar dam ɗin nan ta fi ta tanki. Ta tanki da ake kiwo a gidaje kitse ne zalla, ka sa a wuta ta narke. Tamu namanta yana da ƙarfi, in an banda ta sai ta kai Kano ba ta farfashe ba. Don ita ake gangarowa nan, ba don kyan fuskata ba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kuma rake da tumatir suka yi daraja. Duk wanda ke da fadama kusa ya sayo injin ban ruwa. Tun asuba ka ji suna ta tatata a kewayen dam, kowane da bututunsa a ciki yana zuƙa. Na je na yi magana, aka ce ruwan Allah ne. Na ce kifin ma na Allah ne, aka ce to Allah ya ba shi haƙuri. Kafin tsakiyar bazara dam ya koma kamar filin sussuka, ruwan ya zama kunu. Mutane suka zo daga Furana, har daga Gazara, da kwanduna da gidan sauro, ana ta kwasa. Har wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba ya zama masunci a ranar. Karfasa ta ƙare ƙaf. Tarwada ta nutse cikin laka, ita ma lakar tana tsagewa.

Na shiga lakar nan har ƙugu ina lalube, na ciro manyan da suka rage, maza da mata, na zuba a garewani. Yawansu bai kai yatsun hannu biyu ba. In waɗannan suka mutu, irin Baba Audu ya ƙare, matan suya za su koma wani wuri, ni kuma in koma ƙodagon saran rake, kuma na riga na gaya muku yadda muke da gona. Abin ya tsorata ni ƙwarai.

Tarwada tana rayuwa a rijiya, tsofaffi ma kan jefa ɗaya don ta cinye ƙwari. Amma ba a tara su a rijiya guda, sai su cinye juna. Na je wurin mai unguwa na ce ina son in raba su gida gida a ajiye mini har ruwa ya sauka. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Sule, in ka ce ajiya, kafin Juma'a an cinye. Mutanenmu ba su san ajiyar kifi ba, amma sun san kiwo. Ka ba su kiwo, kamar yadda ake ba da akuya. Ba wanda zai so a ce dabbar kiwo ta lalace a hannunsa."

Na ga shawara ce mai kyau. Na tura kura da garewani, mai unguwa yana gaba, muka bi gidaje masu rijiya muna ba da kiwon tarwada. Kowa ya karɓa da hannu biyu. Abin da ni da mai unguwa ba mu hango ba shi ne, za su yi kiwon da gaske.

Malam Isiyaku shi ne gwanin awaki a unguwarmu, akuyarsa ba ta haihuwar ɗaya. Ya ce in kwantar da hankalina, tasa sai ta fi ta kowa. Kullum da safe ya auna dusa kwano guda ya juye a rijiya. Da ya ga ba ta taso ta ci ba, sai ya ce cikinta ne ya ɗaure, ya jiƙa kanwa ya zuba mata. Kafin mako ya zagayo rijiya ta yi tsami, wari ya hana a zauna a tsakar gida, tarwada ta taso ciki sama. Iyalinsa suka koma roƙon ruwa a maƙwabta, shi kuma ya yi ta yasar rijiya yana cewa irin ne ba shi da kyau.

Shi kuwa Ɗan'azumi, leƙawa ya yi da tocila ya ga tasa kwance a ƙasan rijiya ba ta motsi. Haka tarwada take, kwanciya ce aikinta. Amma a wurin mai akuya, dabbar da ta kwanta ba ta tashi tana hanyar mutuwa ne. Ya sa aka zura shi da igiya, ya ciro ta, ya fuskantar da ita gabas ya yanka da sauri kada ta yi mushe. Sai ga shi da yamma da kan a cikin leda, ya durƙusa ya yi mini jaje, ya ce ga shaida, kamar yadda mai kiwo ke kawo fata in akuya ta mutu. Na ce ina sauran jikin? Ya ce ai ba a bari nama ya lalace. Bakinsa yana ƙyallin mai yake gaya mini.

Wani ɗaure tasa ya yi da igiya a wutsiya, wai kada ta bi ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiyar maƙwabci a yi rigima. Wani yaransa suka yi ta jefa mata harawa. Ina ji ina gani suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, duk don tsabar kulawa. Wanda aka sa a rijiyar masallaci, namiji, shi ya tsira, domin ladan ya manta da shi tun ranar da aka kawo, kuma ba mai iya cin sa a idon jama'a.

Mace ɗaya ta rage, tana gidan Iya Talatu mai ƙosai, can kusa da coci a hanyar Furana. Tsohuwa ce tun lokacin, mijinta ya daɗe da rasuwa, awakinta kuma ciwo ya kwashe su a shekarar. Ranar da na kai mata, ta leƙa garwa ta ce, "Ina kunnenta?"

Na ce, "Iya, kifi ba shi da kunne."

Ta ce, "To a ina zan yi mata shaida? Ni ban taɓa kiwon dabbar da ba shaida ba. Gobe ka zo ka ce ba ita ba ce."

Na yi bayani har na gaji. Ta cire ɗan kunnenta na hagu, ta ɗauko allura, ta ce in riƙe. Haka na danne tarwada a cinyata, ta huda mata fiffike a daidai inda take ganin ya kamata kunne ya kasance, ta maƙala. Tun daga ranar ba ta kiran ta da komai sai akuyata. Ita ba ta da dusa ba ta da kanwa. Abin da take da shi ɓurɓushin ƙosai ne da ke ragewa a matsami. In ta tashi daga suya sai ta buga guga a bakin rijiya, ta watsa ɗan abin da ya rage, ta zauna tana ba ta labarin unguwa. Talaucin Iya ne ya ceci kifin nan, don da tana da hali da ta kashe ta da gata kamar sauran.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, dam ya cika ya shiga ciyawa. Lokacin zuba ƙwai ke nan, kuma ba ya jira. Na je masallaci na ciro namijin, ya rame sai kai. Na wuce gidan Iya Talatu da baho. Ta tare bakin rijiya ta ce ba inda akuyarta za ta sai an yi maganar haihuwa. A nan wajenmu, in ka ba da kiwon akuya, haihuwa ɗaya taka ce, ta gaba ta mai kiwo. Ta ce bana nawa, baɗi nata.

Na ce, "Iya, baɗi fa duk kifin dam ke nan."

Ta ce, "To ni na ce ta haifi da yawa?"

Aka kira mai unguwa. Ya zo ya cire hula ya sosa kai, don shi ya kawo maganar kiwo, kuma Iya ba ta faɗi ƙarya ba. Aka yi ta ja har rana ta take, ni ina ta kallon sama ina tunanin ciyawa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk shekara in an buɗe ruwa, tarwadar farko da ta shiga gorata ta Iya ce. Ta yarda, amma ta ce ita za ta kai akuyarta da kanta. Na zura homa, wato 'yar ragar kwasar kifi, a rijiya, kifi ya ƙi. Iya ta ture ni, ta buga guga, ta watsa ƙosai, sai ga ta ta taso kamar an aike ta.

Iya ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta ɗora baho a ka, muka taho ni da mai unguwa a bayanta, har da Malam Isiyaku yana ba da shawarar abin da za a riƙa zuba musu. Muka sake su biyun a cikin ciyawa. Iya ta dubi namijin ta ce wannan ramammen ba sa'an akuyarta ba ne, amma tunda ba wani, shi ke nan.

Na yi ta zuwa kullum ina leƙa ciyawa, ba komai. Wata safiya na ga wasu baƙaƙen abubuwa suna yuuu a gindin ciyawa, na ce talibambam ne, 'ya'yan kwaɗi. Na sa ƙwarya na ɗebo don in tabbatar. Sai na ga gashin baki. Ƙanana ƙanana, kowane da gashin bakinsa kamar ɗan dattijo. Daɗi ya kama ni har na zauna daɓas a cikin ruwa da wandona. Duk tarwadar da aka ci daga dam ɗin nan tun daga shekarar, jikokin akuyar Iya Talatu ne. Karfasa kuwa na ɗebo ta a wani rafi daga baya, ita ba ta da wuyar samu. Masu inji ma da suka ga farashin kifi ya hana su cin miya mai daɗi, suka yarda aka kafa dutse a cikin dam, in kansa ya fito a kashe inji.

Ita uwar ban sake ganin ta ba. Birgina bai taɓa rufe ta ba, tanar kowa ba ta taɓa burge ta ba. Ni da ake kira masunci, ban taɓa kawo wa raina cewa dabbar gida ce, ƙosai ta sani ba. Duk shekara in na kai wa Iya tarwadarta ta farko sai ta ce, "Sule, akuyata na nan?" In ce, "Ban gan ta ba, Iya." Yanzu idanunta sun tafi, jikarta ke suya, amma tambayar ba ta canja ba.

Da na kai ƙarshen labarin na dubi yaran, ina jiran in ga jikinsu ya yi sanyi. Nazifi ya dubi baho, ya dube ni, ya ce, "Wallahi Baba labari ya yi daɗi. Amma amarya ba ta cin labari."

Na ce, "Gaskiya ne. Abu ɗaya nake roƙo. Mu kai ta ta gaida Iya, in mun fito ka yi yadda ka ga dama. Taka ce."

Haka muka bar abokansa da gadin sanda, na hau bayan babur da baho a cinya. Kowane rami muka faɗa sai ruwa ya watsu a bayansa, tarwada ta yi bulala da wutsiya ta wanke mini fuska. Mutane a hanya suna tambaya ko asibiti za mu kai ta.

Muka sami Iya a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Muka durƙusa, aka gaisa, ta tambayi iyali da ruwa da gajiya, ta tambayi ɗan waye wannan. Sannan ta ce, "Sule, ai ba yau ce ranar buɗe ruwa ba. Me ka kawo?"

Na ce, "Baƙuwa, Iya. Kawo hannunki, ki bi a hankali, akwai ƙaya."

Na kama hannunta na sa a baho. Ta shafa kan, ta shafa gashin bakin, yatsunta suka gangara har suka taɓa tagullar. Sai ta tsaya. Ɗaya hannun ya tafi kunnenta na dama, inda ɗan'uwansa yake. Kunnen hagu ba komai, tun ranar da ta cire ba ta sa wani ba. Ni kaina ban taɓa lura ba sai a lokacin.

Ta daɗe tana shafa ta, sannan ta ce, "Ta rame."

Kifin da ya kusa karya sandar gwanjo! Na ce, "Iya, ta fi cinyata."

Ta ce, "Na ce ta rame. Wa ya kama ta?"

Nazifi ya ce, "Ni ne, Iya. Da ƙosai."

"Na wa?"

"Na tasha."

Ta ja tsaki. Ta ce yunwa ce kawai ta sa akuyarta cin ƙosan tasha. Ta kira jikarta ta ce a ƙulle na gida mai zafi a ba yaron nan. Sannan ta juyo inda take jin muryarsa ta ce, "Na san ƙa'idar ruwa, ɗana, taka ce. In za ka yanka, ka yanka da wuƙa mai kaifi. Sai dai ka dawo mini da ɗan kunnen, na daɗe ina yawo da ɗaya."

Nazifi ya karɓi ƙullin ƙosan. Muka yi sallama muka hau babur. Na ɗora baho a cinya. Da muka iso mararrabar da ke shiga unguwarsu ya rage gudu, har ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Sannan ya ja tsaki irin na Iya, ya murɗa hannun babur, muka gangara dam.

Shi ya ɗauki bahon da kansa. Ya ba abokinsa waya ya ɗauke shi hoto da ita a rungume, ya shiga ruwa har gwiwa da wandonsa mai guga, ya karkata baho ta bakin ciyawar yamma. Ta ɗan tsaya, tagullar ta yi ƙyalli sau ɗaya, ta nutse. Ya kwance ƙosan Iya ya marmasa ya watsa mata duka, ko ɗaya bai kai bakinsa ba, alhali tun safe bai karya ba.

Ya fito yana ɗiga, ya tsaya a kaina. Ya ce, "To Baba, yanzu me zan ce wa amarya?"

Na buɗe gorata na zaɓo masa karfasa masu ɗan auki, na soke su a tsinke na miƙa masa. Na ce, "Ce mata ka jefa, ka zauna, ka ja."

Ya karɓa, ya rataya a hannun babur. Har ya tayar da inji sai ya kashe, ya dawo ya tsuguna kusa da ragar da nake ɗinki, ya ce in nuna masa yadda ake riƙe allurar.